Gida Ne Makarantar Farko: Darasi Daga Ƙasar Gumel

A wannan mako filin namu zai duba wata magana wadda ta daɗe tana yawo a bakin iyaye, musamman 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati, watau maganar karantar da yaro a gida. Wasu suna tambaya ko ya dace mutum ya cire ɗansa daga makaranta ya riƙa koya masa da kansa, tun da yake suna ganin tarbiyya tana lalacewa a waje. Wasu kuwa tasu tambayar daban ce. Sun biya kuɗin makarantar boko, sun biya na Islamiyya, sun ba malamin allo kuɗin Laraba, to, saura me kuma ya rage a wuyansu? Amsarmu guda ce ga ɓangarorin biyu. Akwai wani rabo na karatun yaro wanda yake na uba da uwa, ba ya sayuwa da kuɗi, ba a kuma naɗa masa wakili. Akwai kuma wani rabon wanda gida ba zai iya ɗauka shi kaɗai ba, komai ilmin maigida. Wanda ya gane iyakar da ke tsakanin rabon nan biyu ya huta, 'ya'yansa ma sun huta.

Domin kada maganar ta tsaya a iska, za mu kafa misali da wuri guda, watau Gagarawa Tasha da ke ƙasar Gumel, a arewacin Jihar Jigawa.

Hanyoyi uku na karatu

Gagarawa Tasha ta samo sunanta daga tashar jirgin ƙasa ta hanyar dogon da ta tashi daga Kano zuwa Nguru, wadda aka kammala a 1930. Sunan ne ya bambanta ta da Gagarawa Gari. Ita Gagarawa ɗaya ce daga cikin ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Gumel, sauran su ne Gumel da Maigatari da Sule Tankarkar, kuma duk suna cikin Jihar Kano har zuwa 1991 da aka yanke Jihar Jigawa. Mutanen yankin manoma ne na gero da dawa da wake da riɗi da zoɓo, makiyaya ne, kuma 'yan kasuwa ne, domin kasuwar dabbobi ta Maigatari da ke ci ranar Alhamis a bakin iyakar Nijar tana jawo fatake daga nesa.

A irin wannan gari uba yana da hanyoyi uku a gabansa. Ta farko, wadda ta fi daɗewa, ita ce karatun zaure. Uban da ya yi sauka yakan sassaƙa wa ɗansa allo, ya dafa tawada, ya fere alƙalami, ya fara masa da babbaƙu, sannan farfaru, har yaro ya iya haɗa baƙi ya karanta da kansa. In uba bai iya ba, ko kuwa fatauci ya hana shi zama, akwai kawu ko maƙwabci mai zaure, yaro ya je da safe da yamma, ya dawo ya ci tuwon uwarsa, ya kwana a gidan ubansa. Ta biyu ita ce tsangaya, inda akan danƙa yaro ga malami ya tafi da shi wani gari, galibi Gabas, domin a ganin mutanen da, karatu ya fi zama in yaro ya nisanci shagwaɓar gida. Ta uku ita ce boko, wadda ta shigo Arewa da makarantar Ɗan Hausa ta Nasarawa a Kano a 1909, ta kuma isa ƙauyuka sosai da shirin ilmin firamare kyauta na UPE wanda gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar a watan Satumba na 1976.

Ya kamata mai karatu ya lura cewa karatun zaure ba ƙaramin abu ba ne a tarihinmu. A lissafin da gwamnatin Lugga ta yi wajen 1914 an sami makarantun Alƙur'ani kimanin 25,000 a Arewa, da almajirai fiye da 200,000. Da yawa daga cikinsu zaurukan gidaje ne, malamin uba ne ga wasu yaran, kawu ga wasu, maƙwabci ga saura. Saboda haka abin da wasu ke ɗauka sabon salo ne daga ƙasashen Turawa, mu a wurinmu tsohon gado ne. Abin da ya faru shi ne, da makarantu suka yawaita, sai iyaye suka riƙa janye hannu kaɗan kaɗan, har aka wayi gari uba yana ganin aikinsa ya ƙare da zarar ya sayi littafi da rigar makaranta.

Yadda magabata suka yi

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya yi masa rahama, an haife shi a Maratta ta ƙasar Gobir a 1754, kuma a wurin mahaifinsa Muhammadu Fodiyo ya karanta Alƙur'ani. Ƙanensa Malam Abdullahi ya rubuta tarihin karatunsa da kansa a littafinsa Ida'un Nusukhi, inda ya lissafa malamansa, ya fara da mahaifinsu wanda ya koya masa Alƙur'ani, ya kuma nuna cewa yana ɗan shekara 13 aka miƙa shi ga wansa Shehu ya ci gaba da karantar da shi. Amma gidan nan, duk da ilmin da ke cikinsa, bai rufe ƙofa ya ce ya wadatu ba. Shehu ya yi karatu a wurin dangi irin su Usmanu Binduri, ya kuma bi Malam Jibrilu ɗan Umaru har Agadas. Tushe a gida aka kafa shi, rassa kuwa a hannun malamai suka tsiro.

Wannan tsari ya dace da abin da shari'a ta ɗora wa iyaye. Suratu Luƙman tana ɗauke da wasiyyar uba ga ɗansa, ta faro daga tauhidi, ta biyo ta kan salla da haƙuri, har ta kai ga ladabin tafiya da na magana. Hadisin kiwo wanda Buhari da Muslim suka ruwaito ya sanya maigida da uwargida cikin waɗanda za a tambaya a kan abin da aka ba su amana. Hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito a kan fara umartar yaro da salla yana ɗan shekara 7, da iyaye yake magana. Malamin makaranta yana da ladansa da nasa alhakin, amma ranar tambaya ba shi za a fara kira ba.

Jarrabawar da ta zo a 2020

A watan Maris na 2020 gwamnati ta rufe makarantun ƙasar nan saboda annobar korona. Masu jarrabawar fita sakandare sun koma a watan Agusta, sauran yara kuwa sai wajen Oktoba. A watan Afrilu na shekarar gwamnonin Arewa suka yanke shawarar mayar da almajirai jihohinsu na asali, Jigawa ta karɓi ɗaruruwa daga Kano da wasu jihohi, aka killace su na wani lokaci, sannan aka miƙa su ga iyayensu ta hannun ƙananan hukumomi. Cikin 'yan makonni hanya ta biyu da ta uku suka toshe, aka bar kowane uba da ta farko, ko ya shirya ko bai shirya ba. Jihohi da dama sun sa darussa a rediyo, amma rediyo ba ya duba allo, ba ya kuma gane yaron da ya yi barci.

Abin da iyaye suka gani a waɗannan watanni ya cancanci a riƙe shi, domin irinsa ba ya samuwa sai an gwada.

Abu na farko shi ne, uba da yawa bai san inda ɗansa yake a karatu ba. Ga yaro a aji biyar na firamare, kullum yana tafiya yana dawowa, sakamakon jarrabawa yana zuwa da maki, amma da aka miƙa masa takardar Hausa ya karanta sai ya tsaya yana kallon uban. Ga wani yana rera surori da murya mai daɗi, amma in aka ɗora yatsa a kan baƙi guda aka ce mene ne wannan, sai shiru, domin da kunne ya ɗauka a cikin taron yara. Shekara huɗu ko biyar abin yana nan, ba wanda ya gano, saboda ba wanda ya zaunar da yaron shi kaɗai na minti goma. Malamin da ke fama da aji cike maƙil ba zai iya wannan da kowane yaro ba. Uba mai 'ya'ya shida kuwa zai iya.

Abu na biyu shi ne lokaci. Gidaje da yawa sun fara karatu da zafi a makon farko, aka sayo alli, aka share zaure, amma kafin wata ya cika abin ya mutu. Dalili kuwa, an bar karatun sai in maigida ya sami sarari, shi kuma sarari ba ya samuwa ga mai neman abinci. Gidajen da karatu ya ɗore su ne waɗanda suka ɗaure shi a jikin salla, ko dai bayan Asuba kafin a fita, ko tsakanin Magariba da Lisha. Salla ba ta jiran a sami sarari, to, duk abin da aka ɗaura mata yakan ci albarkacinta. Rabin sa'a kullum ya fi sa'a huɗu ranar da aka ga dama.

Abu na uku shi ne matsayin uwa. Ɗan kasuwa yana kan hanyar Maigatari ko Kano, ma'aikaci yana Dutse daga Litinin zuwa Juma'a, wanda ke tare da yara dare da rana ita ce uwarsu. Inda uwargida ta yi Islamiyya ko ta yi boko, karatu ya ci gaba ko maigida yana nan ko ba ya nan. Inda kuwa aka aurar da ita ba ta san baƙi ba, sai dai ta ce wa yara su ɗauko allo, su ɗauko, su yi ta maimaita kuskure ba mai gyarawa. A nan ne uban da ya cire 'yarsa daga makaranta ya kamata ya tsaya ya yi tunani, domin jikokinsa ya cuta tun ba a haife su ba. Shehu Usmanu a littafinsa Nurul Albabi ya yi kakkausan suka ga malaman da ke karantar da almajirai a waje suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793, ita ta kafa tsarin 'Yan Taru, tana naɗa jajis, watau dattijan mata masu ilmi, tana ba su malfa alamar izini, su kuma su koma ƙauyukansu su karantar da mata a cikin gidaje. Ta gane cewa in ana son ilmi ya shiga gida, ta hannun mace zai shiga.

Abu na huɗu shi ne haƙuri. Mutumin da ke zagin malaman makaranta a majalisa, da ya zauna da ɗansa na kwana uku sai ya ga hannunsa yana neman bulala. Koyar da ɗan cikinka ya fi koyar da ɗan wani wuya, domin kuskurensa yana sukar zuciyarka, kana ganin kamar kai ne ka kasa. Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun daɗe da duba wannan. Muhammadu ɗan Sahnunu na Ƙairawan, wanda ya rasu a 870 miladiyya, ya rubuta littafi a kan ladubban masu koyarwa, ya iyakance wa malami bulala uku, ya hana shi wucewa sai da izinin uban yaro, ya kuma hana duka cikin fushi. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya yi bayani a Muƙaddima cewa tsanantawa ga ƙaramin yaro tana koya masa ƙarya da yaudara da kasala, saboda yakan riƙa nuna abin da ba shi ne a zuciyarsa ba don ya tsira. In haka aka iyakance wa malami, uba ya fi cancanta ya riƙe hannunsa, domin yaron da ya tsorata da malami yana da gida da zai gudu, wanda ya tsorata da uba kuwa ba shi da wurin zuwa.

Abu na biyar ya shafi almajiran da aka mayar. Wasu iyaye a lokacin ne suka ga 'ya'yansu bayan shekara biyu ko uku. Akwai wanda ya dawo da izu goma ko ashirin a kansa, abin alfahari. Akwai kuma wanda ya dawo da ƙazwa da kaushi da bakin da ya koyi zagin tasha, karatun kuwa bai wuce inda aka bar shi ba. Ba mu raina tsangaya, domin ita ta fitar da alarammomi da gwanayen da ke rubuta Alƙur'ani da ka, waɗanda ƙasar Gumel da Haɗeja ke tinƙaho da su. Amma tsangayar da ta fitar da su tana da gona, tana da garin da ke ciyar da ita, malami kuma ya san kowane almajiri da ubansa. Ɗora yaro ɗan shekara 6 a mota ba guzuri, ba ziyara, a ce an kai shi karatu, wannan sauke nauyi ne a kan malamin da shi ma bai da abin da zai ci.

Inda ƙarfin gida ya ƙare

Bayan duk wannan, wani zai ce to ai gara ma a bar yara a gida gaba ɗaya. A nan sai mu ce a yi hattara, saboda dalilai guda uku.

Na farko doka ce. Dokar ilmin bai-ɗaya ta UBE ta 2004 ta wajabta wa iyaye su tabbatar ɗansu ya yi firamare da ƙaramar sakandare, shekara 9 ke nan. Ta tanadi gargaɗi a karon farko, tarar Naira 2,000 ko ɗaurin wata 1 a karo na biyu, da tarar Naira 5,000 ko ɗaurin wata 2 bayan nan. Ko da ba a cika aiwatar da ita ba, ma'aikacin gwamnati da ɗan kasuwa mai mutunci ba su ne ya kamata su zama na gaba wajen karya ta ba.

Na biyu iyakar ilmin uba ce. Mutum zai iya kai ɗansa ga sauka, ya biya masa Ƙawa'idi da Ahalari da Ishmawi, ya koya masa karatun boko da lissafin farko. Amma garin da ke bukatar likita mace da za ta duba matansa, da ungozoma, da malamin gona, da alƙali, ba zai same su daga zaure kaɗai ba. Malamai sun sanya irin waɗannan fannoni cikin farillan kifaya, watau in gari duka ya bar su, gari duka ya yi laifi. Kwalejin Ilmi tana nan a Gumel kusa da gida, amma ba ta ɗaukar wanda ba shi da takardar sakandare.

Na uku shi ne abin da kalmar karatun gida kan koma a wurinmu. A Amurka, inda tun 1993 kowace jiha daga cikin 50 ta halatta karantar da yaro a gida, hukumar ƙidaya ta ƙasar ta ce gidajen da ke yin haka sun tashi daga kimanin kashi 5 cikin 100 zuwa kashi 11 a cikin shekarar 2020. Amma a can galibi akwai uwa ko uba mai ilmi da ya zauna takanas don wannan aiki, ga littattafai, ga ɗakunan karatu na gari. Duk da haka Jamus ta hana abin, Faransa kuma ta yi doka a 2021 wadda ta sa tilas sai an nemi izini. A ƙasar da hukumar UNESCO ta ƙiyasta a 2022 cewa yara da matasa kimanin miliyan 20 ba sa zuwa makaranta, in aka ce yarinya tana karatu a gida, sau da yawa farantin talla ne a kanta, in aka ce yaro yana karatu wurin ubansa, sau da yawa yana bayan awaki ne. Mu ji tsoron Allah, kada mu sa wa sakaci sunan tarbiyya.

Har ila yau, yaro yana bukatar sa'o'insa. A cikinsu yake koyon jiran layi, da karɓar kaye, da neman gafara, da riƙon amanar abin wani. Wanda aka kulle don kada ya ga mugun hali, ranar da ya fita zai gamu da shi ba shiri. Maganin mugun aboki shi ne uba ya san abokan ɗansa da sunayensu da gidajensu.

Abin da kowa zai iya

To, yaya za a yi? Ga shawarwarin da muke ganin ba su fi ƙarfin kowa ba.

Maigida ya tsayar da rabin sa'a bayan sallar Asuba, kowane yaro ya biya allonsa ko shafinsa a gabansa shi kaɗai. Kada a wanke allo sai uba ko uwa sun ji karatun, sun kuma ɗora yatsa a kan baƙaƙe sun tambaya. Ranar Alhamis da Juma'a, da makarantar allo ke hutu, a mayar da su ranakun tilawar abin da ya wuce.

Ɗan kasuwa ya sani shagonsa aji ne. Yaron da ya zauna kusa da ubansa ranar Asabar zai koyi tiya nawa ke cikin buhu, ya rubuta bashi a littafi, ya fitar da riba. A nan ne za a nuna masa cewa zakkar dukiyar ciniki ɗaya ce cikin 40, ta amfanin gonar da ruwan sama ya shayar kuma ɗaya cikin 10, a bar shi ya yi lissafin da hannunsa. A nan ne kuma zai ga ko ubansa yana cika mudu, ko yana faɗin aibin kaya kafin ya sayar. Wannan darasin ba ya cikin manhajar kowace makaranta, kuma yaro yana ɗaukarsa ko uba ya yi niyyar koyarwa ko bai yi ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Ma'aikacin da aiki ya kai Dutse ko Kano yana da waya a aljihunsa. Ya sa lokaci guda kullum, ya kira gida, a ba yaro wayar ya karanta masa aya biyar ko layi biyar. Ranar Asabar ya buɗe littattafan rubutu ya ga abin da aka yi da abin da malami ya gyara. Sau ɗaya a kowane zango ya taka da ƙafarsa ya gaida malamin aji da malamin allo, domin malamin da ya san uba yana bibiya ba ya yin sakaci da ɗansa.

Wanda bai yi karatu ba kada ya ce wannan magana ba tasa ba ce. Zamansa kawai a kan tabarma yana saurare, yayan yaro yana biya wa ƙanensa, ya isa ya nuna wa yaran cewa karatu abu ne mai daraja a gidan. Maƙwabta huɗu ko biyar suna iya haɗa kuɗi su ɗauki gardi ko malamar Islamiyya ta riƙa zuwa zaure guda, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kuma ƙofar koyo ba ta rufe ga babba ba. Tun 1980, lokacin da ƙasar Gumel ke cikin Jihar Kano, gwamnatin Alhaji Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilmin manya, dattawa da yawa suka koyi karatu da rubutu da furfurarsu. Makarantun dare na magidanta da na matan aure suna nan a garuruwanmu. A bar uwargida ta je, a saya mata littafi, a kuma riƙe mata yara sa'ar da ta tafi.

Wanda kuma ya ƙudura sai ɗansa ya yi haddar tsangaya, to, ya bari yaron ya yi wayo, ya iya wanke tufafinsa, ya yi nisa a karatu a gaban iyayensa. Sannan ya zaɓi malamin da ya sani, a garin da ƙafarsa za ta iya zuwa, ya riƙa aika hatsi da sabulu da kuɗin magani, ya kuma riƙa ziyara. Ciyar da ɗa wajibin uba ne ko yaron yana gida ko yana Gabas, tafiya karatu ba ta ɗauke wannan wajibi.

Littafin Risala da muke karantawa a zaurukanmu, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a 996, ya rubuta shi ne bisa roƙon wani malamin yara, domin a riƙa koya wa ƙanana aƙida da hukunce-hukunce tare da Alƙur'ani tun zukatansu ba su cika da wani abu ba. Yau manya ne ke zama da shi a gaban malam, da yawansu suna cewa da ma tun suna yara aka biya musu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, shekarun ɗanyen nan kuwa kaɗan ne, kuma a gida yaro yake cinye mafi yawansu. Uban da ya bar su suka wuce yana kasuwa ko ofis ba zai same su a sayarwa ba, ko da ya tara abin da ya tara.

Allah ya shirya mana zuriyarmu, ya sa su zama sanyin idanunmu duniya da lahira, ya saka wa iyayenmu da malamanmu da alheri, ya kuma ba mu ikon sauke amanar da ya ɗora mana, amin.